Jita a Ƙarƙashin Kabbasa

Haɗejiya,
farkon Agusta.

Yaya Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Kawu Modu da Umma da yara, in har za ka iya isar da gaisuwar ba a tambaye ka ta ina ta biyo ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Kaka Gana da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu. Ta ce in gaida maigidanta, wai ka gudu ka bar ta ba cefane.

Ka yi haƙuri da takarda. Wayar Kaka ba ta jin ta sai a lasifika, ga mata masu sayen turare cike da tsakar gida kullum. Ni kuma ka san ni, ko wayar aka ba ni bakina ba zai buɗe ba. Malam Safiyanu direba ya ce zai riƙa miƙa maka a kasuwar kifi in ya kai lodin banda.

Maganar jitarka ce. Tun da ka tura ta ƙarƙashin gadona da ƙaramar Sallah ban taɓa ta ba, kamar yadda ka ce. To amma wari take yi, Yaya. Warin rima, irin na ɗakin da ruwa ya kwana ciki aka rufe. Da rani ba a jin sa sosai, damina na sauka ya farka. Ya shiga katifata, ya shiga hijabina na Islamiyya, ya shiga littattafaina. Jiya ƙawata Huseina ta ari ɗaya, ta shinshina, ta ce ko a cikin rijiya nake karatu.

Dole ta sa na zuge jakar. Fumfuna ce fara-fara a jikin ƙyallen, har cikin ramin jitar. Ɗan hidimar ƙasar da ya sayar maka bai gaya maka ruwa ya shiga ɗakinsa bara ba? Duk unguwa an sani. Ni da farko har labari na ƙirƙira masa: wai yana kaɗa wa wata a bakin kogi da yamma, ta ƙi shi, ya sayar don ya daina tunawa. Yanzu na gane wari ne ya ishe shi.

Ka faɗa mini yadda zan yi. Kuma ina tuni da alƙawari. Ka ce in na ɓoye maka ita har damina ta wuce, za ka yi wa Kawu magana in dawo gidanku in shiga makarantar koyon aikin jinya. Ni dai ina riƙe da nawa.

Ƙanwarka,
Mansura.

*

Kano.

Mansura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki ce wa amaryata Kaka ta daina yawo cikin ruwa, ƙafar za ta kwanta.

Wa ya ce ki zuge jakar? Na ce ki ajiye, ban ce ki yi bincike ba. Kuma kin cika mini takarda gaba da baya don kawai ki ce abu yana wari. Garinku gaba ɗaya warin rima yake da damina, sai jitata kika ga damar ɗora wa? Littattafan nan na soyayya sun gama da kanki, komai sai kin yi masa labari.

Saurara. Akwai mai situdiyo a nan da ya yarda zai gwada ni bayan damina, sharaɗinsa in zo da kayana. Kin san abin da Baba ya ce: ranar da ya ga abin kiɗa a gidansa, ni da abin tare za mu fita. Shi ya sa take wurinki. Ba zan shiga gaban mutane da abu mai warin kwata ba, saboda haka ki san yadda za ki yi warin ya fita. Zan tambayi wanda ya sani in rubuto miki.

Maganar alƙawari kuwa, ki daina tuna mini kamar na ci miki wani abu. A kan makarantar yara Baba maganata yake ji. In na ce ki zo, kin zo. In na yi shiru, kina nan kina daka wa Kaka turare.

Abdulwahid.

*

Kano,
tsakiyar Agusta.

Mansura,

Salam. Ina fatan kuna lafiya, mun ji ruwa ya yi yawa a wajenku.

Na tambayi mai gyaran kayan kiɗa. Ki karanta a hankali, ba irin karatunki na tsallake shafi don ki ga an yi aure ba. Ki sassauta tsirkiyoyin duka. Ki jefar da jakar ko ki wanke ta daban. Ki goge cikin jitar da busasshen ƙyalle. Ki ƙulla gawayi a tsumma, gawayi mai sanyi wanda bai ga wuta ba, ki sa a ramin, ki jingine ta a inuwa inda iska ke wucewa. Shi ke zuƙe warin a hankali.

Kada ta ga rana. Kada ta kusanci murhu ko wani abu mai zafi. Katakon siriri ne, kuma da gam aka haɗa komai nata.

Abdulwahid.

*

Haɗejiya,
farkon Satumba.

Yaya Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma da sauƙi. Ruwa ya yanke hanya, motoci sun daina fita, maza duk suna bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. Gonar shinkafar Kaka ta fadama ba a ganin ko kan ganye. Tun ranar ta rage cin abinci.

Ka ce za ka rubuto, shiru kake ji. Takardarka ta farko kuwa na karanta ta har na haddace, don ban taɓa samun wadda ta ƙona ni kamarta ba. A littattafan da ka ce sun gama da kaina, ko mugun cikin labarin in yana neman alfarma yakan ce don Allah. Na so in rubuto maka baƙar magana, na yaga, na sake, na yaga. Daga baya na ce bari in nuna maka a aikace cewa masu dakan turaren ma sun san wani abu.

Warin ya kai har wata mai sayen humra ta leƙa ɗakina ta ce me ya mutu. Ka san wannan magana a gidan Kaka Gana zagi ce. Tun tana yarinya a Borno take turare, ba a taɓa cewa gidanta yana wari ba. Ta ce in fito mata da kayan maigidanta, yau za a yi ta ta ƙare.

Da ka gani, Yaya. Ta ɗauko kabbasa, babban kwandon nan da ake kifawa a kan kasko a shanya kayan amare. Ba turaren sayarwa ta ɗebo ba, na cikin kwalbar da take ɓoyewa a ƙasan adaka ta ɗauko, mai hawi da sandal, wanda ko ni ba ta taɓa sammini ba. Na hura garwashi ya yi ja, ta zuba, muka kwantar da jitar a kan kabbasa, ramin yana kallon ƙasa don hayaƙin ya shiga cikinta sosai. Muka lulluɓe da bargo, muka danne gefe da gefe. Kaka ta ce abin da ruwa ya shiga sai zafi ke fitar da shi, don haka da garwashi ya lafa sai in ƙara. Tun hantsi har la'asar. Washegari muka sake, da jibinsa ma.

Ina zaune gefe ina kallon hayaƙi na tsiyayowa ta ƙasan bargo, sai na ji kamar amarya muke gyarawa. Har na hango ka ka shiga situdiyon, kowa ya ɗago kai yana neman inda ƙamshi ke fitowa. Sau ɗaya ta yi wata 'yar ƙara, ƙas, a ƙarƙashin bargon. Kaka ta ce ƙamshi ne ke ratsa katako.

Yanzu ɗakina kamar ɗakin amarya. Na naɗe ta a zanen Kaka na mayar ƙarƙashin gado. Ba sai ka gode ba.

Mansura.

Ƙari: An buɗe hanya. Na kai wa Malam Safiyanu wannan, sai ya miƙo mini taka da ta maƙale a motarsa tun da ruwa ya yanke hanya. A tsaye na karanta. Na ce ya jira ni, na ruga gida na kwance zanen. Yaya, ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa ya ɗaga ta baya, ɗan yatsana yana shiga ƙarƙashinsa. Cikinta ya ɗan kumbura, ga wata siririyar tsaga daga ramin zuwa ƙasa. Sheƙin bayanta ya yi dishi-dishi. Ban goge abin da na rubuta a sama ba, don ka ga da wace zuciya na yi.

*

Kano.

Mansura,

Ba ni da gaisuwar da zan yi miki.

Kin gasa mini jita. Kin ɗora ta a kan wuta kamar tarwaɗa, kin lulluɓe da bargo, har kina ƙara garwashi. Ta yi ƙara tana tsagewa, kina zaune kina mafarkin amarya. Na karanta wa mai gyara takardarki, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa ya ce in sake karantawa. Ya ce ko an manne jakin, wato katakon da kika ce ya ɗaga, muryarta ba za ta dawo yadda take ba.

Kin san tsawon lokacin da na yi ina hana kaina abubuwa kafin in same ta? Ba ki sani ba, ba kuma za ki sani ba, don ke duniyarki a cikin littafin haya take. Kada ki laɓe bayan Kaka. Ita tsohuwa ce, abin da ta sani ta yi. Ke ce kika gama sakandare. Wadda ba ta san zafi na narkar da gam ba ita ce za a ba allura ta yi wa mutane?

Alƙawari ya tashi. Ba zan ce wa Baba komai ba. Ki naɗe mini ita ki ajiye har in san yadda zan yi, kuma kada ki sake taɓa ta.

Abdulwahid.

*

Haɗejiya.

Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Ni zan yi sallama, don ba a koya mini jefar da ita ba. Kaka na nan da sauƙi. Ban gaya mata abin da ka rubuta ba, har yanzu jira take ka aiko da godiya.

Na yi kuka, in abin da kake son ji ke nan. Na ɓata maka kaya, na sani, kuma ya dame ni fiye da yadda za ka yarda. Amma ka karanta takardata a kasuwa ana dariya? Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu? Abin da na rubuta maka kai kaɗai na rubuta wa.

Kai ka sayi abu mai fumfuna ba ka shinshina ba. Kai ka tura shi ƙarƙashin gadon mutane ka tafi. Kai ka ce in san yadda zan yi. A gidan nan in abu ya yi wari turara shi ake yi, ka sani, rigunanka na Sallah a kan wannan kabbasar aka shanya su kana cewa a ƙara.

Ka ce kalmarka ɗaya ke kai ni Kano ko ta hana ni. To ni ma ina da kalma ɗaya. Kawu ya aiko zai zo yi wa Kaka jajen gona. Jitar tana ɗakina. Ka yi tunani kafin ya iso.

Mansura.

*

Kano.

Mansura,

Ke? Ke da in Baba ya shigo kike maƙalewa bayan ƙyaure, gaisuwa ma sai an ce ɗaga murya? Ki faɗa masa mana. Ina jira.

Abdulwahid.

*

Haɗejiya,
ƙarshen Satumba.

Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Muna raye. Katangar bayan gida ta faɗi, ruwa ya shigo ɗakuna har idon sawu, yanzu ya janye ya bar laka. Ba wanda ya ji ciwo.

Ka san me na fara ɗagawa da ruwa ya shigo? Jitarka. Na rataye ta a ƙusa a bango da zanenta, kafin in juyo kwalin littattafaina ya jiƙe. Sun kumbura sun manne, shafi ba ya rabuwa da shafi. Har yau ina tambayar kaina me ya sa.

Kawu ya zo. Suna zaune da Kaka a rumfa, ina tsugune ina zuba masa ruwa, sai Kaka ta ɗauko maganar karatuna da kanta. Ya ce ai ba wanda ya taɓa yi masa zancen, da tuni an fara shiri. Ka ji? Tun ƙaramar Sallah ba ka ce masa komai ba, tun kafin garwashi, tun kafin tsaga. Ya ce ba damuwa, in haɗa kayana, ɗakin ƙanwarka Shamsiyya ya ishe mu mu biyu. Na koma ɗaki na toshe bakina da filo don kada a ji murnata.

Sai ya tashi duba bangon da ruwa ya taɓa. Ya shiga ɗakina, ya tsaya, ya ja numfashi, ya ce wannan ai turaren adakar Ya Gana ne, wa aka yi wa aure bai sani ba? Yana dariya ya ja zanen.

Dariyar ta tsaya. Ya ce, “Wannan ta wace ce?”

Kaka tana bakin ƙofa. Ta kalli ƙafarta mai ciwo, ta ce ita idonta ba ya gani sosai yanzu, kayan yara ne. Maigidanta take karewa, ni kuwa ko oho.

Ya juyo gare ni. Sunanka yana kan harshena, Abdulwahid, wallahi har na ji nauyinsa. Na shirya maganar tun kafin ya zo, na maimaita ta a gaban madubi. Amma na ga takalminsa, na ga bakin rigarsa, wuyana ya ƙi ɗagawa. Ya sake tambaya. Na ji kunnuwana suna zafi, ban ce komai ba.

Ya ce, “To, shirun ya isa amsa.”

Ya ce yarinyar da ta fara ɓoye kayan kiɗa a ɗaki ba zai haɗa ta da 'ya'yansa ba, in zauna inda nake. Bai ci abincin da na dafa ba, ya shiga mota.

Ka yi gaskiya, ban iya ba. Kada ka ɗauka don kai na yi shiru. A littafi yarinya takan rufa wa wani asiri saboda girman zuciya, ni bakina ne kawai ya ƙi buɗewa, kuma na tsani hakan fiye da yadda na tsane ka.

Amma hannuna yana aiki. Na naɗe jitar, na ba Malam Safiyanu. Ba kasuwar kifi zai kai ta ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da Kawu ke zama a ƙofar gida, zai tsaya da mota ya sauke ta. Na ce kada ya ce komai, ya ce dai saƙo ne daga Haɗejiya. Wannan takardar za ta riga ta isa. In ka ga dama ka tsaya a wurin ka miƙa hannu ka karɓi kayanka. In ka ga dama ka ɓuya, Kawu ya ce rashin kunyata ta kai in aiko masa da ita har gida. Ni ba abin da ya rage a ƙwace mini.

Mansura.

*

Kano,
Oktoba.

Mansura,

Salam. Kowa lafiya.

Na je kasuwar kifi na roƙi Malam Safiyanu ya ba ni ita a can. Ya ce amana aka ba shi, inda aka ce nan zai kai.

Ranar Juma'a ina cikin soro ina leƙe. Na yi niyyar fita ta baya, har na ɗauki takalmina. Motar ta tsaya, aka sauke ta, ƙamshin Kaka ya cika ƙofar gida tun ba a kwance zanen ba. Baba ya miƙe, na ga fuskarsa, na ji ya fara kiran sunanki. Ban san lokacin da na fito ba. Na ce tawa ce.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba, kada ki samu na sawa a labari. Bai kore ni ba, Umma ta shiga tsakani. Amma ya kulle jitar a ɗakinsa, ya ce in na sake taka ƙofar situdiyo in nemi wani uban. Mai situdiyon ya ɗauki wani.

Baba ya ce in rubuto miki da hannuna cewa ki haɗa kaya, Malam Safiyanu zai taho da ke kafin a fara ɗaukar ɗalibai. Ga shi na rubuta.

Ban yafe ba. In kin zo, hanyarki daban tawa daban. Kuma don ki sani, aikinku bai yi ba. Umma ta ce ɗakin Baba ƙamshi yake da safe, amma da an rufe taga warin rimar yake tasowa ta ƙarƙashi.

Abdulwahid.

*

Haɗejiya.

Yaya Abdulwahid,

Wa alaikumus salam. Kaka ta ce a gaida maigidanta. Na ce ta aika da bakinta, ni na daina ɗaukar wannan saƙon.

Na ga takardarka. Ban nemi ka yafe ba, ni ma ban yafe karatun da ka yi a kasuwa ba. Kayana a haɗe suke, ba su da yawa tunda littattafan sun tafi.

Ga ƙulli nan Malam Safiyanu zai ba ka. Gawayi ne a tsumma, mai sanyi, bai ga wuta ba. Ka kai wa Kawu ka ce a sassauta tsirkiyoyin, a sa shi a ramin, a buɗe taga. Tunda shi ke kwana da ita yanzu, kai ka fi kowa iya yi masa bayani.

Mansura.